Yadda Za Ka Koyar da Labarin Ɗaya Ɓangaren a Aji: Jagora ga Malaman Sakandare a Jos

Yaron da ke zaune a aji biyu na babbar sakandare a Jos yau ba a haife shi ba ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001, lokacin da garin ya kama da wuta. Amma ka tambaye shi, zai ba ka labarin tiryan-tiryan: wa ya fara, wa aka zalunta, wace unguwa ce ba a shiga bayan magariba. A bakin kakarsa ya ji, ko a majalisar ƙofar gida, ko a wani bidiyo da aka turo ta WhatsApp. Idan a Unguwar Rogo ya tashi, labari ɗaya ya sani. Idan a Unguwar Rukuba ne, wani daban ya sani. Tsakanin unguwannin biyu ba wata tafiya ba ce a keke, amma sai yaro ya gama sakandare bai taɓa jin abin da ake faɗa a can daga bakin mutanen can ba.

Makaranta kuwa ta yi gum. An cire darasin Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi gadan-gadan. Mu malamai ma, har da ni, mun daɗe muna tsallake duk abin da ya shafi garinmu. Mu koyar da yaƙin duniya, mu koyar da tsarin mulkin Richards na 1946, mu rufe littafi mu tafi gida, alhali yaran da ke gabanmu suna ɗauke da wani tarihi mai zafi da ba wanda ya taɓa tace musu shi.

Abin da nake nema daga ɗalibi a ƙarshen wannan aiki guda ɗaya ne: ya iya faɗin labarin ɗaya ɓangaren yadda idan mutumin can ya saurara zai gyaɗa kai ya ce, "E, haka muke cewa." Ya yarda da shi ko kada ya yarda, wannan tsakaninsa da zuciyarsa ne. Matakan da ke ƙasa na tsara su ne don mako shida, darasi ɗaya na minti 40 a kowane mako, a ƙarƙashin Tarihi, ko Gwamnati, ko Ilimin Zama Ɗan Ƙasa. Zan riƙa cewa "Malam", amma Malama, har da ke nake.

Mataki na farko: fara da kanka

Kafin ka buɗe baki a aji, ɗauki takarda ka rubuta labarin ɓangaren da ba naka ba, shafi ɗaya, da "mu" a matsayin mai magana. Idan kai Bahaushen Jos ne, rubuta yadda Birom ko Anaguta ko Afizere ke ba da labarin garin. Idan kai ɗan ɗaya daga cikin waɗannan ƙabilu ne, rubuta yadda Jasawa, wato Hausawan Jos, ke ba da nasu. Daga nan ka kai takardar wurin wani malami daga can, wanda kuka yi kwalejin ilimi tare ko kuka haɗu wajen makin jarrabawar WAEC, ka ce ya ja layi a duk inda ka karkace.

Za ka sha mamaki. Da na yi nawa, kusan rabin shafin aka ja wa layi. Na rubuta abin da muke cewa suna cewa, ban rubuta abin da suke cewa ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma wannan abokin aikin shi ne zai zama madubinka har ƙarshen zango. Shi ma ka duba masa nasa.

Idan ka ga hannunka ya ƙi rubuta shafin, ko ka rubuta amma kowace jimla ta ƙare da "wai", to ka dakata. Wataƙila an kashe maka ɗan'uwa, ko an ƙone muku gida, ba wanda zai ga laifinka. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yara suna gane inda zuciyar malaminsu take tun daga yadda yake furta sunan ƙabila.

Mataki na biyu: nemi izini a fili

Kada ka yi wannan darasi a ɓoye. Duk abin da aka faɗa a aji zai isa gida kafin la'asar, kuma zai isa a karkace. Ka kai wa shugaban makaranta tsarin makonnin shida a rubuce, ka nuna masa inda ya dace da manhaja: batun zama ɗan ƙasa, haƙƙoƙin da ke cikin tsarin mulki, rikicin al'umma da hanyoyin warware shi. Sannan ka roƙi minti goma a taron ƙungiyar iyaye da malamai.

Tambayar da za a yi maka na san ta, domin an yi mini: "Malam, so kake ka koya wa ɗana cewa su ne masu gaskiya?" Ka amsa da abin da iyayen suka riga suka sani. Alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin ɓangare biyu, kuma haka Manzon Allah (SAW) ya umarci Sayyidina Ali lokacin da ya tura shi Yaman. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana mumini barin ƙiyayyar wasu mutane ta ja shi ga rashin adalci. Alƙur'ani da kansa ya kawo maganganun Fir'auna yadda ya faɗe su, kuma ba wanda ya ce mai karanta su ya bi Fir'auna. Ga iyaye Kirista, akwai Karin Magana 18:17 a Littafi Mai Tsarki, inda aka nuna cewa wanda ya fara kawo ƙararsa yakan zama kamar shi ne mai gaskiya, har sai abokin shari'arsa ya zo ya yi masa tambayoyi. Idan akwai liman ko fasto da unguwar ke jin maganarsa, ka je gidansa ka gaishe shi, ka bar masa kwafin takardun. Gara ya ji daga bakinka.

Mataki na uku: san waɗanda ke ajinka, ka kuma duba lokaci

Ka raba ƙananan takardu, ba suna, kowa ya rubuta ko rikici ya taɓa gidansu, da kuma ko akwai abin da ba ya so a yi magana a kai. Ka karanta kai kaɗai. Duk wanda ya nemi a ɗauke masa wani darasi, a ɗauke masa, a ba shi wani aiki a laburare ba tare da an yi masa tambaya a gaban jama'a ba.

Lokaci ma abin lura ne. Kada ka fara ana saura 'yan makonni zaɓe, musamman na ƙananan hukumomi. Rikicin 28 ga Nuwamba 2008 daga zaɓen shugaban Jos ta Arewa ya taso. Idan aka kai hari a Barikin Ladi ko Riyom ko Bassa kuna tsakiyar zango, ko aka sa dokar hana fita, ka ajiye darasin mako biyu ko uku. Ba a koyar da wannan abu ana zaman makoki.

Mataki na huɗu: a fara koyon iyo a ruwa marar zurfi

Makon farko kada ka ambaci Jos ko kaɗan. Ka ɗauko rikicin da yaran ba su da ɗan'uwa a ciki. Ni Arewacin Ayalan nake amfani da shi: 'yan Katolika masu son haɗewa da Jamhuriyar Ayalan, da 'yan Furotesta masu son ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa yarjejeniyar 1998 an kashe mutum wajen 3,500. A birnin Belfas har katangu aka gina tsakanin unguwanni, yara kuma kowa da makarantar ɗariƙarsu, sai a 1981 wasu iyaye suka buɗe kwalejin Lagan da ɗalibai 28 don su zauna aji ɗaya. Ka rubuta gajeren bayani na kowane ɓangare, ka sa yara su nemo abu uku: daga wace shekara kowa ya fara labarinsa, me yake tsoro, me ya tsallake bai faɗa ba.

Da kansu za su fara kallon juna suna murmushi, domin sun gane gida. Ka bar su, kada ka ce komai.

Wani zai ce me ya hana a yi amfani da Falasɗinu da Isra'ila, tun da kowa ya san shi? Saboda a Jos wannan ba rikicin nesa ba ne. Kowane yaro ya riga ya ɗauki ɓangare tun daga masallaci ko coci. Sai dai dabarar da za mu yi amfani da ita a mataki na shida daga can ta fito. A farkon shekarun 2000, ana tsakiyar intifada ta biyu, wato boren Falasɗinawa, Farfesa Sami Adwan na Jami'ar Baitalami da Farfesa Dan Bar-On na Jami'ar Ben-Gurion suka tara malaman tarihi daga ɓangarorin biyu. Da suka ga ba za a iya rubuta labari ɗaya da kowa zai sa wa hannu ba, sai suka buga biyun a shafi guda, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, suka bar fili a tsakiya don ɗalibi ya rubuta nasa. Ma'aikatun ilimi na ɓangarorin biyu duk ba su amince a sa shi a manhaja ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka nauyin abin da kake shirin ɗauka.

Mataki na biyar: kafa ƙashin bayan da ba a gardama a kansa

Mako na biyu, ka ja dogon layi a allo, ka jera abubuwan da suka faru waɗanda kowane ɓangare ya yarda sun faru, ba tare da kalmar yabo ko zargi ba. Ga irin nawa.

Farkon ƙarni na 20, Turawa sun fara haƙar kuza a kan tsaunukan Filato, ma'aikata suka kwararo daga ko'ina. A 1914 layin dogo daga Zariya ya iso. A 1926 aka cire yankin daga lardin Bauchi aka kafa lardin Filato. A 1947 aka naɗa Rwang Pam sarkin Birom, sarautar da ta zama Gbong Gwom Jos. A 1976 aka kafa jihar Filato. A 1991 gwamnatin Janar Babangida ta raba ƙaramar hukumar Jos, aka sami Jos ta Arewa da Jos ta Kudu. A Afrilun 1994 aka yi tarzoma kan naɗin Alhaji Aminu Mato shugaban riƙo na Jos ta Arewa. Sai Satumban 2001, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe sama da mutum 1,000 cikin mako guda. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone. A 2004 aka yi kashe-kashen Yelwan Shendam, har Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci ranar 18 ga Mayu. Sai Nuwamban 2008, sai Janairu da Maris na 2010.

Ka sa yara su kwafe wannan a tsakiyar littafinsu. Duk lokacin da gardama ta tashi, nan za a koma. A nan ne kuma za ka koya musu bambanci tsakanin "an ƙirƙiro Jos ta Arewa a 1991", wanda abu ne da ya faru, da "an ƙirƙiro ta ne don a ba wasu gari", wanda fassara ce. Ka ba su jimloli goma a gauraye su ware. Yaron da ya iya wannan rarrabewa ya riga ya sami rabin abin da ya zo nema.

Mataki na shida: shafi mai gida uku

Nan ne zuciyar aikin, mako na uku da na huɗu. Ka raba takarda gida uku a tsaye. Labarin Jasawa a gefe ɗaya, na Birom da Anaguta da Afizere a ɗaya gefen, tsakiya a bar shi fari. Tsawonsu ya zama ɗaya, girman rubutu ɗaya, kuma kowanne ya bi ta hannun mutumin ɓangaren kafin a buga. Ga gajeren misali da na tsara, kai sai ka faɗaɗa naka.

Gefen Jasawa zai ce: Kakanninmu sun zo nan fiye da shekara ɗari. Da guminsu aka haƙi kuza, su suka kafa kasuwa, suka gina unguwanni irin su Gangare a inda ba gari a da. Muna da jerin sarakunan Hausawa da suka riƙe garin har ƙarshen shekarun 1940. A nan aka haifi kakana, a nan aka binne shi. Ba ni da gida a Kano ko Bauchi, can ma in na je neman takardar indijin, wato shaidar zama ɗan asali, cewa za a yi in koma garinmu. Muna biyan haraji, muna da ƙuri'a mai yawa, amma duk ranar da aka ba namu muƙami sai a ce baƙo ne. Ba takarda, ba gurbin karatu, ba aikin gwamnati. To mu 'yan ina ne?

Ɗaya gefen zai ce: Ƙasar nan ta kakanninmu ce tun kafin Bature ya san da kuza. A ƙarni na 19 duwatsun nan ne suka kare mu daga mahara masu neman bayi, kuma ba a ci mu da yaƙi ba. Bature ya karɓe gonakinmu ya ba kamfanoni, ya bar mana ramuka, ya ɗora mana shugabannin da ba mu muka zaɓa ba. Mun karɓi baƙi hannu biyu, muka ba su wurin zama. A 1991 soja ya yanka mana gari ba tare da shawararmu ba. Bahaushe yana da jihohi da masarautu da yawa, inda ɗanmu ba zai zama shugaban ƙaramar hukuma ba ko da can aka haife shi. Mu nan kaɗai muke da shi. Kwamitin Mai shari'a Fiberesima na 1994 da na Mai shari'a Niki Tobi bayan 2001 duk sun ce mu ne 'yan asalin Jos. In muka saki wannan, ina za mu?

Ka karanta duka biyun da bakinka, da murya iri ɗaya. Kada ka ba yaro ya karanta na ɓangaren da ba nasa ba a karon farko, domin zai yi shi da gatse, aji ya fashe da dariya, aikin ya lalace. Bayan karatu, minti biyar na shiru. Kowa ya ja layi ƙarƙashin jimla ɗaya da bai taɓa ji ba, da jimla ɗaya da ta ɓata masa rai.

Sai tambayoyin nan uku na makon farko su dawo. Daga ina kowa ya fara? Yara za su lura cewa ɗaya ya fara daga kafuwar gari, ɗayan daga mallakar ƙasa, kuma kalmar "Jos" kanta ba abu ɗaya suke nufi da ita ba. Me kowa ya tsallake? Labarin farko bai ce komai ba game da gonakin da aka rasa da tsoron mamaya, na biyun kuma ya yi shiru game da yaron da aka haifa a unguwar Dilimi ta Jos wanda ba jihar da za ta ba shi takarda. Me kowa yake tsoro? A nan aji kan yi tsit, domin sukan gano da kansu cewa jimlar ƙarshe ta kowane gefe kusan ɗaya ce.

Daga nan ka kawo tsarin mulkin 1999. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali. Sashe na 147 kuma ya ce a naɗa minista daga kowace jiha wanda yake ɗan asalin jihar, ba tare da an fayyace wane ne ɗan asali ba. Ka bar yara su ga cewa kowane ɓangare yana da ayar da yake riƙe da ita a kundi ɗaya, kuma matsalar ta shafi Ibo a Kano da Bahaushe a Inugu kamar yadda ta shafi Jos. Wannan yakan sauke wa aji wani nauyi.

Kada ka manta ka gaya musu cewa gida biyu a takarda sauƙaƙawa ce kawai. Akwai Ibo da Yarbawa da Urhobo da suke Jos tun zamanin kuza, waɗanda suka yi asarar shaguna da rayuka. Akwai Fulani makiyaya a karkara, da maganarsu ta burtali ce da shanu da gonaki, ba kujerar Jos ta Arewa ba. Akwai Musulmi a cikin ƙabilun Filato, akwai Hausawa Kirista. Ka tambayi aji: su waɗannan a wane gefe za a rubuta su?

Filin tsakiya na ɗalibi ne. Ya rubuta tambayoyinsa, ko abin da ya yarda da shi, ko abin da ya ƙi. Ba ka karɓar wannan ɓangaren don maki, kuma ba ka karanta shi sai da izininsa.

Mataki na bakwai: kisa ba ra'ayi ba ne

Wannan mataki ba na sassauci a kansa. Sauraron dalilin da ya sa mutane suke tsoro abu ne daban, wanke wanda ya yanka yaro kuma abu ne daban, kuma dole ɗalibi ya ji wannan daga bakinka a fili. A mako na biyar ka rubuta sunaye biyu a allo. Kuru Karama, 19 ga Janairu 2010, inda aka kashe Musulmi aƙalla 150, aka jefa gawarwaki da yawa a rijiyoyi. Dogo Nahawa da ƙauyukan kusa, 7 ga Maris 2010, inda aka kashe Kirista aƙalla 200 cikin dare, yawancinsu mata da yara. Haka Yelwa a 2004: a Fabrairu an kashe Kirista da dama, wasu a harabar coci, a farkon Mayu kuma aka kashe Musulmi ɗaruruwa, sannan ramuwar gayya ta faɗa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba a Kano.

Abin da za ka gani shi ne kowane yaro ya san suna ɗaya sarai, ɗayan kuma ko bai taɓa ji ba, ko an gaya masa ƙarya ce. Kada ka nuna hoto ko bidiyo. Kada ka bari a shiga lissafin "namu sun fi yawa". Idan wani ya ce ai su suka fara, ka mayar da shi kan layin allo, ya ga cewa kowane "farko" akwai wani kafinsa, sannan ka tambaye shi ko jaririn da aka kashe ya san da wannan lissafi. Ka kuma faɗa musu cewa Human Rights Watch ta tattara bayanan mutum sama da 130 da jami'an tsaro suka kashe a rikicin 2008, don su san cewa akwai masu alhaki da ba sa cikin gida biyun takardarsu.

Darasin nan kada ya ƙare a kan gawa. Ka rufe da waɗanda suka tsaya. Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda ranar 23 ga Yuni 2018 ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tari maharan da roƙo. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna, waɗanda suka jagoranci matasa masu gaba da juna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu, amma a 1995 suka fara aikin sulhu tare, har suka shiga tsakani a Yelwan Shendam. Sannan ka ba da aikin gida: kowa ya tambayi wani babba a gidansu ko akwai wanda ba addininsu ɗaya ba da ya taɓa ɓoye su, ko ya tsare musu shago, ko ya buga waya ya ce kada su bi ta hanya kaza. Da wuya ka sami gida a Jos da ba shi da irin wannan labari, sai dai an daina ba da shi.

Idan aji ya ɗau zafi

Zai ɗauka. Tun ranar farko ku rubuta dokoki tare ku manna a bango. Ba a kiran kowa "arne", ba a kiran wata ƙabila "'yan ta'adda". Ba a cewa "Hausawa sun yi" ko "Birom sun yi", sai dai "wasu". Ba a ambaton sunan wani mutum na unguwa. Waya a kashe take, ba ɗaukar murya. Idan ajin gauraye ne kuma akwai yara biyu ko uku kacal daga wani ɓangare, kada ka taɓa juyawa ka ce, "To ku me za ku ce?" Ba wakilan ƙabilarsu ba ne, ɗalibanka ne.

Kuskuren da na yi a shekarar farko shi ne shirya muhawara, irin wadda muka saba, masu goyon baya da masu adawa, da alƙalai da maki. Cikin minti goma aji ya zama filin daga. Wata yarinya da aka kashe mahaifinta a 2008 ta tashi ta fita tana kuka, washegari kawunta ya zo makaranta, kuma gaskiya ce da shi. Muhawara tana koya wa yaro ya saurara don ya sami inda zai sara. Haka ma wasan kwaikwayo na rikici, ka guje shi. In murya ta fara tashi, ka tsayar da magana, kowa ya ɗauki biro ya rubuta abin da yake son faɗa na minti uku. Wanda yake son mayar da martani kuma, sai ya fara maimaita abin da na gabansa ya faɗa har mai maganar ya ce ya gamsu.

Mataki na ƙarshe: gwajin "haka muke cewa"

Mako na shida kowane ɗalibi zai rubuta shafi ɗaya da muryar ɓangaren da ba nasa ba, irin wanda kai ka yi tun farko. Ka cire sunaye, ka sa lamba, ka kai wa abokin aikinka na can, shi ma ya kawo maka na ɗalibansa. Maki 20: takwas na daidaiton shekaru da abubuwan da suka faru, takwas na ko mai labarin zai gane kansa a ciki, huɗu na tsabtar harshe daga gatse da zagi. Ba maki ko ɗaya a kan abin da yaron ya yarda da shi, kuma ka gaya musu haka tun kafin su fara.

Sai ka mayar musu da takardunsu ɗauke da gyaran malamin can, da jan biro. Yara sukan daɗe suna kallon wannan rubutu, domin ga da yawansu shi ne karo na farko da wani babba daga ɗaya unguwar ya karanta abin da suka rubuta ya kuma amsa musu.

Haɗa ɗaliban makarantun biyu ido da ido sai bayan duk wannan, in iyaye sun amince a rubuce. A zaɓi wurin da kowa zai iya zuwa ba fargaba, kamar gidan adana kayan tarihi na Jos, da rana, a tashi kafin la'asar. Hukumar samar da zaman lafiya ta jihar Filato, wadda aka kafa a 2016, wuri ne da za ka iya neman shawara kan shirya irin wannan zama. A haɗuwar farko kada a taɓo rikici. A ba su aiki ɗaya su yi tare, kamar zana taswirar garin da unguwannin da kakanninsu suka zauna kafin 2001. Ka tanadi babbar takarda da fensir mai gogewa, domin za su yi ta gyara wa juna sunayen layuka.